Yadda Ake Zaɓen Katakon Zobe da Sauran Kayan Ado na Itace

Duk wanda ya fara sha'awar yin zobe, ko 'yan kunne, ko abin wuya da katako, abin da yakan fara ɗaukar hankalinsa shi ne launi: wannan baƙi wuluk, wancan ja kamar garwashi, wani kuma mai ratsi-ratsi. Launi yana da muhimmancinsa, amma shi ya kamata ya zo ƙarshe a jerin abubuwan da za a duba, musamman idan zobe ake nufin yi. Hannu yana shiga ruwa sau da yawa a yini, yana taɓa sabulu, yana yin gumi, yana damƙar ƙarfe, yana buguwa da ƙofa da gefen tebur, kuma duk wannan wahala tana sauka ne a kan wata siririyar da'ira da kaurinta bai cika wuce milimita 2 ba. Katakon da zai shekara hamsin yana aikin ƙafar kujera yana iya darewa cikin mako guda idan aka mayar da shi zobe ba tare da an lura da yadda zarensa ya kwanta ba.

A fara da kwanciyar zare

Katako tarin siraran zaruruwa ne da suka miƙe daga gindin bishiya zuwa samanta, manne da juna kamar damin tsintsiya da aka shafe da gam. Mai faskare ya san wannan ba tare da an gaya masa ba: idan gatari ya bi tsawon itace sai ya rabe nan take, idan kuwa aka sara shi a gicciye sai an yi gumi. Ƙarfin katako yana cikin tsawon zaren, rauninsa kuma yana wurin da zare ya manne da ɗan'uwansa.

Ga gwajin da ya kamata kowane sabon shiga ya yi da hannunsa. A sami guntun allo, a huda shi ta fuska da rami mai faɗin milimita 18, a zagaye ramin da zarto, a goge har ya zama zobe, sannan a riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuniya a matsa. Zai karye, kuma kusan kullum a wurare biyu masu fuskantar juna zai karye. Idan aka ɗaga gutsuren aka duba a haske, za a ga cewa a waɗannan wurare biyu zaren ya ratsa bangon zoben ne daga ciki zuwa waje, tsawonsa bai fi kaurin bangon ba, alhali a sauran ɓangarori biyun yana bin bangon a miƙe. Idan kuma aka huda katakon ta kansa, wato ramin ya bi tsawon zare, raunin sai ya zagaye zoben gaba ɗaya, domin babu zare ko ɗaya da ya kewaya yatsa.

Saboda haka tambayar da ta riga "wane katako?" ita ce "ta wace hanya za a yi zoben?", domin kowace hanya da irin katakon da take so.

Zoben da aka sassaƙa daga dunƙule ɗaya shi ne mafi sauƙin yi, shi ne kuma mafi saurin karyewa. Yana buƙatar katako mai tauri da matsattsen zare, kuma a bar masa bango mai ɗan kauri. Ya fi dacewa da sawa jefi-jefi. Hanya ta biyu ita ce a yanka siraran falle uku ko fiye, a manna su da gam kowane falle zarensa yana gicciye da na ƙasansa, kamar yadda ake haɗa filawud, sannan a huda. Nan raunin falle ɗaya yana faɗawa ne a kan ƙarfin wani, kuma ana samun damar haɗa launi biyu, fari a tsakiyar baƙi. Hanya ta uku, wadda a ganina ta fi duka ga wanda yake son zoben katako zalla, ita ce naɗi. Ana yanka siririn falle mai kaurin kusan rabin milimita a bin tsawon zare, a dafa shi a ruwan zafi na 'yan mintuna har ya yi laushi, a naɗe shi a jikin sanda mai girman yatsa, a ɗaure, a bar shi ya kwana ya bushe. Washegari a warware, a goge bakunan biyu su yi siriri ƙwarai yadda mahaɗar ba za ta fito ba, sannan a sake naɗewa ana ɗiga sufa gulu tsakanin kowane zagaye. A irin wannan zobe zaren ya kewaye yatsa sau da yawa, babu gajeren zare ko'ina. Hanya ta huɗu kuwa ita ce a sa zoben ƙarfe, na azurfa ko titaniyam ko ƙarfen da ba ya tsatsa, a matsayin ƙashi, katakon ya zama riga kawai.

Abin lura shi ne cewa katakon da ya fi dacewa da hanya ta farko sau da yawa shi ne ya fi ba da wahala a ta uku. Eboni, wani baƙin katako mai tauri, yana sassaƙuwa ya yi santsi kamar dutse, amma idan aka zo lanƙwasa fallensa a kan da'ira ƙarama sai ya riƙa tsagewa. Walnat da mefil da ceri da oak, waɗanda ba su kai shi tauri ba, suna naɗuwa cikin sauƙi. Ga naɗi, a nemi fallen da zarensa ya miƙe sambal daga wannan baki zuwa wancan. Duk inda zaren ya karkace ya fita ta gefe, nan fallen zai yage.

Tauri, da abin da tauri ba ya hanawa

Akwai ma'aunin taurin katako da ake kira ma'aunin Janka, sunan wani masani ɗan Ostiriya, Gabriel Janka, wanda ya fito da shi a 1906. Ana auna ƙarfin da ake buƙata kafin a nutsar da ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 zuwa rabinsa a cikin katako. A lissafin fam na nauyi, ceri yana wajen 950, baƙin walnat 1,010, farin oak 1,360, mefil mai tauri 1,450. Zaitun yana wajen 2,700, eboni na Gabon ya ɗan haura 3,000, baƙin itacen Afirka da masana ke kira Dalbergia melanoxylon, wanda ake yin kayan busa irin su kilarinet da shi, yana wajen 3,600, shi kuma Guaiacum na yankin Karibiyan ya wuce 4,000. Ga zoben da za a sa kullum, duk abin da ya gaza 1,000 zai cika da tabon buguwa cikin ɗan lokaci. Wanda ba shi da jadawali a kusa, farcensa ya ishe shi: a danna farcen babban yatsa da ƙarfi a fuskar katakon, idan ya bar rami mai zurfi, wannan katako na 'yan kunne ne ko abin wuya. Rimi da kuka ba sa ma shiga lissafi, yayin da zuciyar kirya da ta tsamiya suke cikin masu tauri da nauyi.

Sai dai ma'aunin Janka yana faɗin juriyar katako ga lotsewa ne kawai, bai ce komai game da darewa ba. Eboni misali ne mai kyau: duk da taurinsa, zafi kaɗan yana tsaga shi. Idan aka matsa masa da na'urar huda, ko aka daɗe ana goge wuri ɗaya da sanfefa har ya ɗau zafi, sai siraran tsagogi kamar gashi su bayyana, wani lokaci ma sai bayan kwana biyu. Maganin shi ne kaifin kayan aiki da haƙuri, a huda kaɗan a janye, a taɓa da yatsa, in ya yi ɗumi a dakata.

Bayan tauri sai ƙofofin zare. Wasu itatuwa, kamar oak da wenge, suna da manyan ƙofofi da ido yake iya gani. Jan oak ya yi fice a nan, har idan aka tsoma kan guntunsa a ruwan sabulu aka hura ta ɗaya kan, kumfa takan fito. A jikin tebur wannan ba matsala ba ce, amma a zobe waɗannan ramuka su ne maɓoyar sabulu da dauɗa, kuma gefen zoben yakan riƙa ɓantarewa a bakinsu sai an cike su da gam ko wani abin shafi. Zaitun, da mefil, da eboni, da kanya wadda 'yar dangin eboni ce duk da cewa ba kowacce ke da baƙar zuciya ba, ƙofofinsu ƙanana ne, shi ya sa suke ɗaukar sheƙi tun kafin a shafa musu komai.

Akwai kuma batun girman zane, wanda masu sayen katako suke yawan mantawa. Kyakkyawan ratsin da ya ƙawata allo mai faɗin taku ɗaya yana iya ɓacewa ɗungurungum a kan zobe mai faɗin milimita 6. A yanka taga a jikin takarda, faɗinta milimita 6 zuwa 8, tsawonta kusan 60, wato kewayen yatsa matsakaici, a riƙa jan ta a kan allon. Abin da ya bayyana ta cikin tagar shi kaɗai za a gani a yatsa. Sau da yawa za a tarar cewa wurin da ya fi kyau yana can gefe, inda zuciyar itace mai duhu ta haɗu da farin da ke kusa da ɓawo, ko kusa da inda reshe ya fito.

Bushewa

Ɗanyen katako ba ya zama kayan ado, komai kyansa. Itace yana fara tsukewa ne bayan danshinsa ya sauko ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare: a bin da'irorin da ake gani a kan gungumen da aka yanke yana tsukewa kusan ninki biyu na yadda yake yi daga tsakiya zuwa ɓawo, a tsawo kuwa da ƙyar yake motsawa. Zoben da aka yi da katakon da bai gama bushewa ba yakan koma siffar ƙwai, idan kuma yana kan ƙashin ƙarfe, ƙarfen ba ya tsukewa tare da shi, sai katakon ya fashe.

Abin da ake nema shi ne katakon da danshinsa ya daidaita da iskar wurin da za a yi amfani da shi, galibi tsakanin kashi 6 zuwa 12 gwargwadon yanayi. Akwai na'urar auna danshi, amma ga ƙananan guntaye sikeli mai auna giram ya fi ta amfani. A auna guntun, a rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa da fensir, a ajiye shi a inuwa inda iska take ratsawa, a sake aunawa kowane mako. Ranar da nauyin ya tsaya cik har tsawon makonni uku ko huɗu, ya bushe. Tsohuwar ƙa'idar masu katako ita ce shekara ɗaya ga kowane inci na kauri, masu nauyi irin su eboni da zaitun kuwa sun fi haka jinkiri. Idan sabon sara ne, a shafe kawunan biyu da kaki tun ranar farko, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga take farawa. A guji ainihin cibiyar reshe, domin kusan duk tsagar bushewa daga can take tasowa.

Fata

Wannan ɓangare ya fi sauran nauyi, domin zobe yana manne da fata dare da rana, a cikin gumi. Itatuwan dangin Dalbergia, musamman kokobolo na Amurka ta Tsakiya, suna ɗauke da sinadaran da ke jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Haka ma tik da iroko. Matsalar ba lallai ta bayyana a ranar farko ba, jiki yakan ɗauki lokaci kafin ya fara ƙin abin, idan kuma ya fara da wuya ya daina. Ƙurar da ke tashi wajen gogewa ta fi abin da aka gama illa, don haka takunkumin hanci wajibi ne ga mai aikin. Idan an san cewa wanda zai sa abin yana da fata mai saurin ɓaci, a zaɓi mefil ko ceri, ko kuma a yi wa zoben falle na ciki da ɗayansu, a bar mai launin a waje.

Akwai katakon da ba a kusantarsa sam. Wanda aka jiƙa da maganin gara, musamman mai ɗan kore-koren nan, yana iya ƙunsar sinadarin arsenik mai guba. Katakon dandamalin ɗaukar kaya da aka buga wa hatimin MB an yi masa hayaƙin maganin ƙwari ne, mai hatimin HT kuwa zafi kawai aka gasa shi da shi, amma ko shi ba a san abin da ya zube masa a hanya ba. Tsohon katako mai fenti ma abin tsoro ne saboda darma. Itacen da aka san yana da guba, kamar oliyanda, wata shukar ado mai furanni, bai cancanci ya taɓa fata ba.

Sauran kayan ado

Da zarar an bar zobe, ƙa'idojin suna sassautawa. A 'yan kunne nauyi ne babban abin dubawa: Dalbergia melanoxylon ya fi ruwa nauyi, yana nutsewa idan aka jefa shi, walnat kuwa bai wuce rabin nauyinsa ba, don haka babban ɗan kunne mai lilo ya fi dacewa da walnat ko ceri, a bar masu nauyin ga ƙananan da ke manne da kunne. Ramin ƙugiya kada ya matso baki sosai, kuma zaren ya sauko a tsaye daga sama zuwa ƙasa. Abin wuya yana karɓar kusan kowane irin katako, nan ne ma wurin ƙullutun da ke fitowa a jikin bishiya, wanda zarensa ya murɗe ta ko'ina ya ba da zane mai ban sha'awa. Irinsa ba shi da ƙarfi sai an ɗura masa ruwan roba a cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, aka kuma gasa shi. Ƙwayoyin sarƙa ana huda su ne a bin tsawon zare don kada bakin ramin ya ɓantare. Awarwaro shi kaɗai ne ya gaji matsalar zobe, domin shi ma da'ira ce mai raunanan wurare biyu, kuma faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta raba shi. A yi shi da kauri, ko da falle-falle a gicciye.

Launi, gam, da abin shafi

Launin da aka gani ranar sara ba shi ne zai dawwama ba. Katakon Peltogyne na Kudancin Amurka yana fitowa ruwan ƙasa, ya koma shunayya bayan ya sha iska da haske, sannan da shekaru ya yi duhu ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Faduk, ɗan'uwan maɗobiya, yana farawa ja mai haske ya ƙare ruwan ƙasa. Ceri yana ƙara duhu, walnat yana ɗan washewa, mefil yana komawa rawaya-rawaya. A rufe rabin guntu da takarda, a ajiye shi kusa da taga na mako biyu, a cire takardar. Bambancin zai nuna inda launin ya dosa.

A kuma yi hattara da rini. Na taɓa sayen wani baƙin guntu da aka ce mini eboni ne, na yi zobe da shi, kwana biyu da sawa sai ga baƙar da'ira a yatsana. Da na tsaga ragowar guntun, cikinsa fari fat. Tun daga ranar nake goga tsumma mai ɗan sifirit a jikin duk baƙin katakon da aka miƙo mini, in kuma roƙi a bar ni in kankare kusurwa ɗaya da wuƙa. Eboni na gaske launinsa ya ratsa har ciki, kuma nauyinsa a tafin hannu ya fi abin da ido ya zata.

Itatuwa masu maiƙo, irin su tik da kokobolo da zaitun, suna jure ruwa fiye da sauran, amma maiƙon yana hana gam kamawa. A goge fuskar da asiton, wani sinadari mai cire maiƙo, dab da za a manna. Oak yana da sinadarin da idan ya haɗu da baƙin ƙarfe da laima yake barin baƙin tabo, saboda haka kada a haɗa shi da ƙarfe mai tsatsa. Game da shafi na ƙarshe, man tung da kakin zuma suna barin katako da taɓinsa na asali amma sai an riƙa sabuntawa, sun fi dacewa da abin wuya da 'yan kunne. Zobe yana son rufi mai tauri, kamar sufa gulu da aka shafa hawa-hawa aka goge, ciki da waje da gefuna. Shalak, wani abin shafi mai sheƙi, ba ya jure ruwan tsabtace hannu mai ɗauke da sifirit.

Inda katakon ya fito

Yawancin itatuwa masu kyan launi an yi musu saran wuce gona da iri, shi ya sa cinikinsu tsakanin ƙasashe yake ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, da aka sa wa hannu a Washinton a 1973. Dalbergia nigra na Barazil yana cikin rukunin da aka fi tsaurarawa tun 1992, daga Janairun 2017 kuma sauran dangin Dalbergia suka shiga rukuni na biyu mai buƙatar takardar izini, tare da maɗobiya. A taron Fanama na 2022 an ƙara dangin maɗaci na Afirka. Duk mai niyyar aika kayansa wata ƙasa ya binciki dokar nau'in da ya yi amfani da shi tun kafin ya saya. Sa'ar mai wannan sana'a ita ce buƙatarsa kaɗan ce ƙwarai: guntun da bai fi akwatin ashana ba yana ba da zobe, kuma ragowar da masu kayan ɗaki da masu kayan kiɗa suke zubarwa ta riga ta bushe shekara da shekaru.

Kafin a taɓa guntun da ake ji da shi, a yi zoben gwaji daga gefensa, a sa shi mako biyu ana wanke hannu da shi kamar kullum, a duba ko ya kumbura, ko shafin ya tashi, ko fata ta yi ja a ƙarƙashinsa. A auna yatsan da yamma, lokacin da ya fi cika, domin zoben katako ba ya buɗuwa ko tsukewa a hannun maƙeri kamar na azurfa. Wanda ya matse ana iya goge cikinsa kaɗan a sake shafi, wanda ya yi yawa kuwa sai dai a sake sabo.